Digiri Biyu

Ƙarfe goma na dare a Utrecht,
ruwa na dukan kekunan da aka jingine a ƙofa.
Wietske ta cire zobe, ta zura safar hannu,
ta tsamo tawadar daga ruwan ɗumi.
Tawada dai ake ce mata, ba ta taɓa rubuta baƙi ba.
Jelatin ce, ɗiyar ƙashi da fata,
'yar'uwar romon ƙafar saniya
da kakarta kan bari a bakin taga,
ya kwanta ruwa, ya tashi yana kyarma a kwano.

A cikinta ƙwayoyin rai ke iyo,
ba su san an ɗebo su ba.

Zubin fari, ɗumi ya yi mata yawa.
Ta dalalo daga allura kamar miyau,
layi ya faɗa jikin layi, idon ragar ya toshe,
abin da aka zana gida-gida ya koma kududdufi.
Wietske ta ja tsaki, ta rage wuta.

Na biyu kuma ta cije a wuyan allura.
Iska ta ingiza, ta fito guntu-guntu
kamar kunun da ya yi gudaji.
Irin wannan matsi kisa ne.
Gobe madubi zai nuna gawarwakin, jajaye,
barkono a kan farin tuwo.

Tjeerd mai goge-goge ya tsaya da bokitinsa.
"Me ake dafawa?"
"Gwiwa," in ji ta. "Guringuntsi dai."
Ya yi dariya, ya dafa tasa ta hagu.
"To ki hanzarta.
Goma na yi suke kashe ɗumin ginin nan.
Shekara sha tara, wannan ke fara gaya mini."

Ta ɗaga kai ta dubi ma'aunin bango.
Ashe ɗakin ne ya zame ƙarƙashinta,
ita tana ta faɗa da allura.

Ta rufe ƙofa, ta mayar da digiri biyu,
ta zauna ta naɗe hannu.
Jira ma aiki ne.

Sai ga zare ya sauko,
sumul, bai tsinke ba, bai yi ƙwalla ba.
Halinta ke nan in ta sami yadda take so:
a matsa ta, ta saki jiki ta bi ƙunci,
a sake ta, ta miƙe da ƙafarta.
Hawa ɗaya. Hawa biyu.
A na bakwai kusurwa ta ɗan sunkuya,
Wietske ta riƙe numfashi,
ba ta faɗi ba.
Shuɗiyar fitila ta haska, ta ɗaure ginin.

Duka-duka bai fi farcen babban yatsa ba.
Ba ya ɗaukar mutum, ko ɓera bai ɗauka ba tukuna.
Ta sa shi a akwatin ɗumi kamar ƙwai,
ta rubuta sa'a da zafin ɗaki,
a gefe, da fensir: a tambayi Tjeerd.

Can ƙasan bene ana jin bokiti,
taka ɗaya, hutu,
taka ɗaya.