Baƙo a Cikin Inji

Barira ta zo bayan la'asar,
faifai ƙulle a bakin zane,
wanda wata ƙungiyar noma ta buga tun tana ƴar lakwal.
Ta ce, Lawali, babana na ciki.
Shago uku na unguwar Zariya sun ce ba ya buɗuwa.

Ba ƙarya suka yi ba.
Tsohon faifai ba ya jin yaren sabon inji.
Sai na gina masa ɗaki a cikin kwamfutata,
inji a cikin inji,
na saukar da tsohon tsari kamar baƙo,
na shimfiɗa masa tabarma.

Ga Malam Tsayabu, tsaye cikin zogalen Jiratawa,
hula ta karkace, lauje a hannu.
Ya ɗaga hannun, hannun ya tsaya a sama.
Ya fado. Ya sake tsayawa.
Murya ta yi gaba, leɓe na bin ta a baya
kamar jaki da mai shi sun saɓa hanya.

Ta ce, me ya same shi?
Na ce, ba shi ba ne, masaukin ne ya yi rowa.

Giga ɗaya na ba baƙon. Na mai da shi huɗu.
Cikin ƙwaƙwale huɗu na injina na ara masa biyu.
Ya ɗan miƙe, ya yi taku uku, ya sake cijewa.
Na kwashe hoton daga faifai zuwa cikin inji,
don kada ya riƙa ɗebo ruwa daga rijiya mai nisa.
Na buɗe masa ƙofar katin hoto,
wadda na bari a kulle ban sani ba.
Na sa masa direbobin da baƙo ke bukata
kafin ya san inda buta take a gidan mutane.

Sai kuran ya ɗauke.
Duk layin ya yi tsaki lokaci ɗaya.
Injina ya koma kan batir, ya fara tsimi,
Malam ya koma tafiyar hawainiya.
Na hana shi tsimin, na ɗora shi kan bulo biyu ya sha iska,
Barira na yi masa fifita da kwalin sabulu,
ita da ta zo da zufa tun daga Bagalam.

Yanzu fa.
Ganye na kaɗawa yadda ganye ke kaɗawa.
Ruwa na gudu a kwalbati ba ya tuntuɓe.
Wata akuya ta ratsa bayansa, ƙafa huɗu, babu wadda ta ɓata.
Ya buɗe baki:
Zogale, in za ka sare shi, ka bar ma-ma-ma-masa gwiwa.

Na ce, saura kaɗan.
Na koma cikin saiti, na rage girman allo,
na canza na'urar sauti, na mayar, na sake kunnawa.
Ma-ma-ma-masa gwiwa.
Wuri ɗaya, sau shida.
Amma akuyar ba ta tsaya ba. Ruwan ma bai tsaya ba.
Ina ƙoƙarin kai hannu ga madannai
ta riƙe mini wuyan riga.

Ta ce, bar shi nan.
Haka yake magana.
Sunana ma sai ya hau shi sau uku kafin ya ƙetare.

Na janye hannu.
Awa biyu ina farautar in'ina,
na kashe ta inji, na kusa bin ta mutum.

Ta miƙo jaka biyu, na karɓi ɗaya.
Ladan ya kira magariba, batir saura kashi tara.
Ta ce, mayar da shi baya kaɗan,
daidai wurin da yake maƙalewa.