Sarakuna Biyu a Samaru

Ƙarfe biyun dare, Samaru ta yi tsit,
janaretan maƙwabci kaɗai ke tari.
Cajin wayata saura tara.
Aka raba karta: sarakuna biyu a hannuna.

Na zuba ɗari biyu.
Wani mai suna Damisa, ban san garinsu ba,
ya ninka sau uku, ko ƙiftawa babu.
Tun magariba yake wannan gurnani.

Kuɗin ƙosai ne, na sani,
da na mashin zuwa Kongo gobe.
Amma mai sarki biyu
ba ya tsugunna wa kurari.

Na tura duka.
Agogonsa na ci, na ci...
Ya ajiye.

Ashe kyanwa ce.
Ni kuwa gumi har wuya
a kan ɗari shida.