Akwati na Bakwai

Shekara goma sha tara makullin ɗakin ƙwari na hannuna,
a Harobanda, hayin kogi, bayan layin dogon-yaro.
Akwati arba'in, warin kafur, allurai sun fi na tela,
kowane ƙoƙi-ƙoƙi da 'yar takarda ƙarƙashin ƙafa:
sunan gidansu, ranar kamu, da wurin mutuwa.

Ran Talata Malama Sahiya ta shigo ba ta zauna ba.
Ta ce, "Jaharu, an karanta ƙwayar gadonsu.
Jawo na bakwai. Yau akwai rabuwa."

Na bakwai na masu lafewa ne a ɓawon itace,
shafaffu, launin toka, ka dafa su ba ka gani ba.
Ɗaya ni na kamo shi jikin kirya a Gaya,
ɗaya an aiko shi daga ƙetaren teku,
dajin da sama ba ta gajiya da zubarwa.
Tun gashina na baƙi na jera su kafaɗa da kafaɗa,
ina ce musu tagwaye, in ba kowa.

Ta ce kakansu ya yi nisa, ya fi ƙarfin ƙirga.
Ɓawo ne ya yanka musu riga iri guda,
tsoron bakin tsuntsu ya yi ɗinkin.
Kama da wane ba ta wane.
Na ce, "To nawa na Gaya, su wa ke nasa?"
Ta kai yatsa akwati na sha biyu,
kan wani siriri mai kama da tsinken ciyawa.

Ba ta bar ni na huce ba.
Wai in ka bi saiwar gidan har ƙasa,
kyankyaso ɗan baffansu ne,
gara kuwa a ɗakin kyankyaso aka yanke mata cibiya.
Na yi dariya har da tari.
Mai naɗe hannu kamar yana jiran a shafa,
da mai gudu bayan randa in an kunna fitila?
Ta ce, "Bar kallon tsayuwa.
Dubi yadda uwa ke rufe ƙwanta a jaka.
A nan gida ke tona kansa, wurin haihuwa."

Da yamma na hau gada, kogi ya yi jajir.
Na tuna bara a kasuwar Katako,
wani mai sayar da langa-langa:
wuyan yayana Tankari, tafiyarsa, har gibin haƙori.
Tankari da muka rufe a Tawa da hannunmu.
Rumfa uku na bi shi kafin na yi sallama,
ya amsa da Gurmanci, bai san ni ba,
na tsaya da hannu a miƙe, cikin kunyar gaisuwa.

Kuma ran da inna ta cika,
wani dogo fari ya sauko daga motar Abalak,
ba hancinmu, ba tsagarmu, Hausarsa ma a karye.
Shi ya shiga ramin ya karɓe ta.
Tsofaffi suka ce jikan ƙanwar kakarta ne.
Da a akwati ne, da ni na kai shi nesa da 'yan'uwa.

Laraba na zare allurar a hankali,
ƙafar busasshe ba ta son gaggawa.
Na kai na Gaya gefen siririn danginsa,
na ɗauko biro, Malama ta ce, "Fensir.
Wata shekara wani zai karanta fiye da mu."

A ragar taga wani kore, mai rai,
ya juyo kai ya dube ni, ya dubi akwatunan,
ya goge ido da hannu, kamar kyanwa.
Ba takarda a ƙafarsa.
Ƙuda yake jira, a cikin inuwa.