Lamba Goma Sha Biyu

Yayana Nomau ya aiko ta daga Abijan,
kyamara fara, ba ta fi ƙwan zabo ba,
aka kafa ta a kusurwar ɗakin albasa
can bayan tashar Tawa,
wai Baba ya huta da kwanan gadi.

Wata uku tana gani, muna gani.
Ran Laraba wuta ta ɗauke, ta dawo da la'asar,
tun daga nan ta yi kunnen uwar shegu da mu.

Na aza ordinata bisa buhu,
na buga lambobin da ke bayan tsohon katin waya:
ɗari da tasa'in da biyu, ɗigo,
ɗari da sittin da takwas, ɗigo, ɗaya, ɗigo, sha biyu.
'Yar da'irar ta yi ta kewaya
kamar jaki a turke,
sannan farin shafi, da Faransanci mai sanyi:
ba a iske kowa ba.

Baba Tankari na kan tabarma yana jan casbi.
"Ta mutu?"
"Da ranta, Baba, ga koren idonta yana ƙiftawa."
"Mai rai da ba ya amsa sallama,
ko fushi yake, ko ba ƙofarsa kika buga ba."

Na bi igiya da yatsa har bango,
ɓera ya ɗanɗana, bai huda ba.
Na cire, na hura, na mayar.
Na kashe akwatin rezo, na ƙirga talatin, na kunna.
Na wanke wa burauza ƙwaƙwalwa,
don tsohon labari kan tare wa sabo hanya.
Shiru.
Warin albasa ya shige mini har cikin ɗankwali.

Sai maganar tsoho ta dawo mini.
Na shiga shafin akwatin da kansa,
na duba baƙin da ke cin tuwon gidanmu:
wayata, wayar Sahiya,
ga kuma wata a kan lamba goma sha biyu,
ta Zabeiru mai gyaran babur, maƙwabci,
wanda ya rantse bai san kalmarmu ba.
Da wuta ta dawo an sake rabon wuri,
wanda ya riga zuwa ya zauna.
Kyamara tana can ƙasa, ashirin da bakwai,
kamar baƙuwa a gidan ubanta.

Na buga. Burauza ya ja ni da gargaɗi,
wai hanyar ba amintacciya ba ce.
Na ce na san gidan, na wuce.

Saura kalmar sirri.
Na gwada sunan Nomau, na gwada Tawa, na gwada albasa.
Na kira Abijan, ruwa na zuba a bayan muryarsa.
Ya ɗan yi jim, ya ce,
"Sunan Inna ne, da shekarar da ta tafi."

Casbi ya tsaya.
Na buga haruffan a hankali, suna zama ɗigo-ɗigo.

Shafi ya buɗe:
buhuna saba'in, fitila, ƙofar kwano,
wata yarinya a durƙushe,
da wani tsoho mai ranƙwafaffen baya.

Baba ya matso, ya daɗe yana kallo.
"Wane ne wannan?"
Ya ɗaga hannu.
Sai da aka yi numfashi guda
kafin na cikin gilashi ya amsa masa.