Tsanin Da Ba A Hawa

Kawu Lurwanu ya ce in riƙe wannan bakin,
shi ya ja wancan.
Wayar jan ƙarfe biyu, daga zaure har bakin rijiya,
muka miƙe su a tsakar gidanmu na Rafindadi,
kaji na tsallakawa.

Ya yanka bututun roba guntu-guntu,
kowanne bai kai taƙi ba,
ya huda su da ƙusa mai zafi,
muka yi ta zurawa har azahar ta wuce,
abu ya zama tsani.
Na ce, wa zai hau?
Ya ce, murya.

Su biyun nan ba sa haɗuwa, in ji shi,
ba sa kuma rabuwa.
Ran da suka taɓa juna, magana ta mutu.

Muka hau soro.
Eriya na kan sandar ƙarfe, ta baje fukafukai
kamar shamuwar da ta fasa tashi.
Ta ƙarƙashin hammatarta ina hango Gobarau.
Na ɗaure tsanin tamau,
don a ce yaro ya iya.

Daren farko ya juya ta arewa,
wani Ghali ya amsa daga Agadas,
har tarinsa muna ji.
Kawu ya yi dariya, ya murɗa ta gabas.
Ƙas!
Tsani ya naɗe sanda, ya rungumi ƙarfe,
allurar mita ta haura ja,
murya ta koma kukan mai a kasko.

Goggo Tabawa na dama wa awaki dusa da safe,
ko kai ba ta ɗaga ba:
wanda ya gajarta wa akuya igiya a turke,
shi zai kwana jin kukanta.
Ku ba ta rara mana.

Kawu bai ce uffan ba.
Ya miƙo mini filaya.

Na kwance ɗaurina.
Muka bar wa tsanin tumbi yana reto,
muka tokare shi da katako, kamu guda daga ƙarfe,
muka ɗan murɗa shi saboda iskar damina.
A kudu ya sa alamar jan fenti:
nan za ta tsaya,
ta koma ta hanyar da ta zo.

Shekara shida ke nan.
Da takardar aikina ta fito, Fatakwal,
na zaci zai hana.
Ya daɗe yana goge tabarau,
ya ce, ai Goggonka ta riga ta faɗa.

Yanzu gwiwa ta hana shi hawa soro.
An ce mini bayan isha'i
yakan murɗa ta a hankali, kudu, kudu,
har ta kai jan fentin.
Ba ni da rediyo a nan, ya sani.
Yakan dai bar ta haka ta kwana.