Furen Buhun Siminti

Ranar Sakkwato ba ta raga wa fure.
Sau uku na shuka a gindin randa,
sau uku bazara ta lashe,
ta bar mini kara da ƙasa mai tsagewa.

Babana birkila ne.
Kullum yakan dawo da buhun Kalambaina
naɗe a hammata, don Inna ta hura wuta.
Ran nan na ɓare fallen ciki,
wanda ƙura ba ta taɓa ba,
na ɗauko almakashin da tela ya yar,
na yanka kunnuwa biyar, duk a karkace.
Ƙaro na jiƙa a gwangwanin madara,
tsinken tsintsiya ya zama kara,
jan kuwa wurin dukawa na roƙo,
ragowar karan dafi a ƙasan kasko.

Baba ya duba, ya ce,
“Tumba, mi kika yi da shara?
Wa ka sayen hure da ba shi ƙamshi?”
Ban tanka ba. Yatsuna sun manne da juna,
bakina ma haka.

Mai ciniki na farko jar akuyarmu ce.
Na shanya goma sha biyu a kan tabarma,
na shiga salla,
na fito na tarar da tsinke goma sha biyu
da ita tana tuƙa, tana kallona,
ba ta ko taya ba.
Na yi kuka, sannan na ce:
in har akuya ta ruɗu, mutum ma zai tsaya.

Ta tsaya ɗin. Malama Shafa ce,
mai makarantar yara a Mabera,
ta juya shi, ta shinshina, ta yi dariya,
ta ce talatin take so ranar yaye ɗalibai.
Kwana huɗu ina naɗi da fitilar waya,
almakashi ya yi mini kanta a babban yatsa.
Kuɗin na ƙulle a bakin zane,
ban sayi ko awara ba,
na wuce Sabuwar Kasuwa neman takarda mai laushi.

Ba kullum ake kwana a gado ba.
An yi ranar da hadari ya tare ni a kan kabu-kabu
tsakanin Gawon Nama da Runjin Sambo,
kwali ya jiƙe, ja ya shiga cikin fari,
aikin mako ya koma kunu.
Na mayar da kuɗin mutane,
na koyi leda, na koyi kallon gabas.

Yanzu mu shida ne a zauren Baba.
Ige na yanka, Luba na naɗi,
ƙanena Maccido ke rubuta bashi
da ɗaukar hoto a jikin farin bango.
Saƙo na zuwa daga Boɗinga, daga Illela,
direba ya san kwalinmu, ba a ɗora masa buhu.
Auduga nakan ɗiga wa turare,
in tura ta can cikin zuciyar furen,
don amsar tambayar da aka yi mini tun tuni.
Shi mai tambayar, yau shi ke kakkaɓe buhu,
yana ware mini fallen ciki.

Jiya wata tsohuwa ta zo daga Rijiyar Ɗorowa
da fure ɗaya a hannu, ya yi laushi, ya sunkuya.
Jikanta ya kai mata asibiti, in ji ta,
kuma safe da yamma tana ba shi ruwa,
ga shi ya ƙi tashi.

Na ba ta wani.
Na ce, Iya, wannan ɗan Sakkwato ne,
ya saba da ƙishi.