Ƙirga Huɗu a Rustavi

Mun isa Rustavi gari bai gama wayewa ba,
ni da kawu Shalva, da burodi a jaka,
sanyin Jojiya na cizon yatsu.
Motoci jere har inda ido ya gaji,
kowace an wanke mata fuska,
kowace na rantsuwa ba ta taɓa kwanciya ciwo ba.

Ni likitar shanu ce.
Ba ni saniya, in buɗe bakinta, in faɗa maka shekarunta.
Mota ba ta da haƙori.
Mita ta ce dubu ɗari biyu da arba'in.
Kawu ya ce, "Mita bakin dillali ce,
abin da aka sa mata take faɗa."

Ya ɗora tafi kan bonet ɗin wata fara.
Da ɗumi.
"Wa ya tashe ta kafin mu zo, Gocha?"
Dillali ya gyara hular da ba ta karkace ba.
"Mai ciwon gwiwa," in ji kawu,
"da asuba ake kallon tafiyarsa."

Ya zaro sandar awon man giya,
ya shafa a farin hankici.
Lafiyayyen mai ja ne, kamar ruwan rumman,
wannan kuwa shayi ne da ya kwana a wuta.
Ya miƙo mini: "Sansana."
Ƙauri. Tukunyar da aka manta a murhu.
Ga kuma ɗigo-ɗigo na ƙyalli a hasken safiya,
garin ƙarfe ne, akwatin giya na cin kansa.

Ta biyu, manta jajir, sabo fil.
Na washe baki, kawu ya tsuke nasa.
"Jiya aka zuba. Me ake binnewa?
Taka birki, sa ribas, ki ƙirga."
Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu,
sai gaf! kamar an tokare mu ta baya.
"Wadda za a kira, ta yi huɗu kafin ta amsa,
ba da ita ake hawan dutse ba."

Kunnen kawu na hagu ya mutu tun a masana'antar ƙarfe.
Da gadon baya yake sauraron mota,
da tafin hannu a kan sandar giya.

Ta uku mummuna ce, launin toka,
ƙofa ɗaya shuɗiya, ta aro.
Dubu ɗari uku da goma, ba ta ɓoye ba.
Mai ita Lamara, tsohuwar malamar lissafi,
ta ba mu ɗan littafi da ya sha maiƙo:
ranar canjin mai, wata, shekara,
duk da fensir, ba layin da aka tsallake.

Na sa ribas. Ɗaya, ta amsa.
Muka bar kasuwa, muka kama tudu,
rabin awa, har jikinta ya yi zafi,
don wani ciwon sai da zafi yake fitowa.
"Danna totur."
Ta sauko giya ɗaya, ta ja,
ba kukan inji ƙafa na tsaye,
ba rawar ɗari a gudun sittin.
Kawu ya lumshe ido kamar mai jin labari.

Muka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta,
muka ci burodinmu da cuku.
Da muka janyo, ɗigo ɗaya, bai kai tsaba ba.
"Roba ce ta tsufa. Kuɗin abincin rana."
Da ɗigon nan ya rage farashi,
Lamara na dariya, tana gyara masa lissafi.

A hanyar gida na ce, "Za ta kai ni shekara biyar?"
"Ban sani ba, Mzevinar.
Yau dai ba ta yi mana ƙarya ba."

Daren Laraba waya ta yi ƙara:
maraƙi ya juya a ciki, ƙauye na bisa dutse.
Na taka birki, na sa giya.
Na buɗe baki zan ƙirga,
ta riga ni.